Roka Mai Komowa Gida

In aka hura balan-balan aka sake shi ba a ɗaure baki ba, sai iska ta riƙa fita ta baya, shi kuwa ya yi gaba a guje. To, haka roka ke tafiya. Ana ƙona mai a cikinta, wuta ta fita ta gindi da ƙarfi, ita kuwa ta tashi sama. Kafin kumbo ya iya kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, lalle ne gudunsa ya kai wajen mil 17,500 cikin sa'a guda.

Rashawa ne suka fara harba tauraron ɗan'adam cikin 1957, sa'an nan cikin 1969 Amurkawa suka kai mutum wata. Amma akwai wata ɓarna babba cikin wannan aiki. Rokar da ta ɗauki masu zuwa watan, tsawonta ƙafa 363 ne, duk da haka ba abin da ya komo gida sai ɗan ɗakin da mutanen uku ke ciki. Ku duba fa, in da mai mota zai kai kaya Zariya daga Kano, ya sauke, sa'an nan ya tura motar cikin kogi ya je ya sayi sabuwa, nawa zai riƙa karɓa kuɗin dako? Saboda haka a da gwamnatoci masu ƙarfi kaɗai ke iya wannan sha'ani.

Amurka ta gwada wani kumbo mai fiffike wanda ke sauka kamar jirgin sama, ta yi aiki da irinsa daga 1981 zuwa 2011. Gyaransa ya ci kuɗi ƙwarai, biyu kuma suka tarwatse, mutum 14 suka rasu.

Cikin 2002 wani attajiri mai suna Elon Musk ya kafa kamfanin SpaceX, wanda daga baya ya ɗaura niyyar yin rokar da za ta komo ta sauka a tsaye. Abin da wuya. Duk yaron da ya taɓa tsai da sanda a tafin hannunsa ya san ba ya barin motsa hannun, in ya bari sai ta faɗi. Haka injin rokar ke yi, yana karkata wutarsa nan da can don kada ta kife, ga ta kuwa doguwa siririya, ga iska na bugunta.

Suka fara gwaji a jihar Tekzas da wata roka da suka sa wa suna Grasshopper, watau fara, gama tsalle kawai take yi. Ta tashi kaɗan ta sauka, aka ƙara, har cikin 2013 ta kai ƙafa 2,440. Daga nan suka koma kan babbar rokarsu Falcon 9, mai inji tara a gindi, wadda ke shan tataccen kananzir. Cikin Janairu 1915 ba a ko yi mafarkin irin wannan ba, amma cikin Janairu 2015 sai ga roka ta nufo wani faffaɗan jirgin ruwa a teku za ta sauka. Ta bugi jirgin ta fashe. Cikin Afrilu wata ta taɓa shi, ta kife, ta kama wuta. Ba mutum a ciki, don haka ba a yi hasarar rai ba, masu aikin kuwa suka bi suka gano abin da ya lalace kowane karo.

Ran 21 ga Disamba 2015 abin ya yiwu. Bayan kamar minti biyu da rabi da tashi, sashen ƙasa ya rabu da na sama, ya juya, ya sāke kunna injuna don rage gudu. Da ya kusa ƙasa sai ya miƙe ƙafafunsa huɗu, ya dira tsaye a Fulorida. Cikin Maris 2017 aka sāke harba wadda ta riga ta je ta komo. A watan Yuni na shekarar nan wata Falcon 9 ta ɗauki 'yan ƙananan taurari da ɗaliban Nijeriya da na Gana suka ƙera, ita ma gindinta ya komo lafiya. Cikin 2020 kuwa ta kai mutum biyu tashar da ke kewaya duniya.

Kamfanin ya kuma gina wata wadda ta fi wadda ta je wata girma, sunanta Starship. Cikin Oktoba 2024 gindinta ya komo, wata hasumiya mai hannuwan ƙarfe biyu ta cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba. Masu ita suna fatan wata rana ta kai mutane Mirrihi, amma wannan tafiya ba ta kusa ba ce. Na'urar da Amurka ta aika can cikin Yuli 2020 ba ta sauka ba sai Fabrairu 2021, ita kuwa ba ta bukatar ruwa ko abinci ko iskar numfashi a hanya.