Ƙaramin tumbi ba ya maganin cin damuwa: gaskiya da ƙarya a saƙon da ke yawo

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitoci ke yi wa tumbi, wani lokaci har da hanji, domin mai matsananciyar ƙiba ya rage abin da yake ci. Iri biyu suka fi yawa. A na farko, wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar shi siriri kamar ayaba. A na biyu, wato baifas, ana ware wata 'yar jaka a saman tumbi da girmanta bai wuce na ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Likita Edward Mason ne ya fara aikin baifas a Jami'ar Iowa da ke Amurka a 1966. Daga ƙasar Hausa, da dama cikin masu yin tiyatar Masar ko Indiya ko Turkiyya suke zuwa, su dawo gida bayan 'yan kwanaki, likitan da ya yi aikin yana can wata uwa duniya. Inda babu likitan da za a tambaya, WhatsApp ake tambaya.

Wani saƙo ya yi ta yawo a zaurukan 'yan uwa da na masu neman rage ƙiba, ba sunan marubuci, ba sunan asibiti, sai dai an ce wai wani likita ne ya faɗa. Abin da ya ƙunsa shi ne: wanda aka yi wa tiyata ya rabu da yunwa har abada, ba zai iya cin da ya wuce kima ba ko da ya so, don tumbin zai mayar, saboda haka in damuwa ta taso ba laifi ya riƙa ɗan taɓa wani abu kaɗan-kaɗan, musamman abin sha, tunda ruwa-ruwa ba ya zama a ciki. Saƙon ya ƙara da cewa amai alama ce ta aiki yana kyau, cewa ruwan ɗumi da lemun tsami na narkar da kitse, cewa cin abinci mai yawa sau ɗaya yana mayar da tumbi girmansa na da, kuma wanda ƙibarsa ta dawo ragon banza ne.

Akwai gaskiya a farkonsa, kuma ita ce ta sa aka yarda da sauran. Yunwa tana raguwa ƙwarai a watannin farko. Sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, yawancinsa a saman tumbi ake samar da shi, kuma wannan ɓangare yana cikin abin da silib ke cirewa. Sai dai "har abada" ƙari ne. Ga mafi yawan mutane sha'awar abinci tana dawowa a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ko da ba ta kai ta da ba.

Batun ruwan ɗumi da lemun tsami ba ya buƙatar dogon bayani: ba ya narkar da komai. Shi ma zancen tumbi ya koma girmansa saboda ci ɗaya ba haka yake ba, don ɓangaren da aka cire ba ya sake tsirowa, ko da yake abin da ya rage kan ɗan saki da tafiyar lokaci. Hatsarin cika ciki na gaske yana makonnin farko ne, lokacin da ɗinkin bai gama kamawa ba.

Iƙirarin da ke cutar da mutane shi ne na tsakiya, wanda ya ce ƙaramin tumbi zai yi wa mutum gadi, don haka ciye-ciyen damuwa ba shi da illa. Wanda ya rubuta wannan bai fahimci abin da tiyatar ke yi ba, kuma masu tura shi ba su tsaya sun tambaya ba. Tiyata tana taƙaita abin da ciki zai ɗauka a zama ɗaya. Ba ta da iko a kan abin da zai ɗauka daga asuba zuwa tsakar dare. Tumbi yana sauke abin da ke cikinsa zuwa hanji, wuri ya samu, a sake zubawa. Mutumin da ba zai iya gama malmalar tuwo ɗaya ba zai iya cin cincin biyu yanzu, alkaki bayan rabin awa, biskit bayan la'asar, ya wuni a haka bai taɓa jin ƙoshi ba. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan ɗabi'a ta tsince-tsince tana cikin abubuwan da bincike ya fi dangantawa da dawowar ƙiba bayan tiyata.

Abin sha ya fi muni, domin shi ne ƙaramin tumbi ba ya tarewa ko kaɗan. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, kuma tana wucewa cikin mintuna. Haka shayi mai kauri da madarar gwangwani, haka zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari, haka fura da nono in an ɗura mata zaƙi. Saƙon ya yi daidai da ya ce ruwa-ruwa ba ya zama a ciki. Abin da bai faɗa ba shi ne inda yake zuwa: hanji ya tsotse shi, jiki ya adana.

Dalilin da ya sa damuwa ke tura mutum ga irin waɗannan abubuwa ba a tumbi yake ba. In hankali ya tashi, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda suna sakin sinadarin kotizol. Tashin hankali na ɗan lokaci yakan ma kashe sha'awar ci, amma damuwar da ta daɗe, irin ta bashi ko rikicin gida ko jinyar wani, tana ƙara wa mutane da yawa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Zaƙin yana kawo sauƙi na 'yan mintuna, ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan, gobe ta sake nema. Wanda ya shekara ashirin yana kwantar da ransa da abinci, wuƙar likita ba ta taɓa wannan sabo ba. Ya farka daga tiyata da ƙaramin tumbi da damuwarsa ta da, ga kuma sababbi: kuɗin da aka kashe, idon dangi a kan sikeli, fatar da ta saki, zubar gashi da kan zo bayan wata uku zuwa shida.

Ga wanda aka yi wa baifas akwai wani tarko na daban. In sukari mai yawa ya faɗa hanji a lokaci guda, cikin minti 10 zuwa 30 yakan jawo bugun zuciya, gumi, jiri, murɗawar ciki da gudawa. Wani lokaci kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, jiki ya saki insulin da yawa, sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da kasala. Alamomin suna kama da na fargaba. Mai bin shawarar saƙon zai ɗauka damuwar ce ta ƙaru, ya sake shan zaƙi, abin ya maimaita kansa. Masu silib ma kan gamu da haka, amma bai kai na masu baifas yawa ba.

Batun amai kuma ƙarya ce mai hatsari. Amai bayan tiyata yana nuna an ci da sauri, ko an ci da yawa, ko akwai ƙuntatar hanya ko gyambo. Jiki ba ya adana bitamin B1 na fiye da makonni biyu zuwa uku, kuma amai mai yawa yana ƙarar da shi, abin da kan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har ya bar naƙasa in an makara.

Ba abin mamaki ba ne da mutane suka rungumi saƙon. Wanda ya sayar da fili ya je ƙasar waje yana so ya ji cewa wahala ta ƙare. Kuma tiyatar tana aiki. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987, mai mutane sama da 4,000, ya nuna masu baifas sun rage kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara goma kuma ragin ya tsaya a kusan kashi 25. Mace-mace ma sun ragu a cikin waɗanda aka yi wa tiyata. Waɗannan alƙaluma sun isa amsa ga zagin da saƙon ya rufe da shi: dawowar wani ɓangare na nauyi abu ne da aka saba gani, kuma jiki da kansa yana ƙoƙarin maido abin da ya rasa. Kiran mutum rago yana ƙara masa kunya ne, kunya kuma ita ke sa a ci a ɓoye, a daina zuwa asibiti.

Abin da ke taimakawa yana farawa da rarrabe yunwa da kwaɗayin damuwa. Yunwa a hankali take zuwa, kuma kowane abinci yana kashe ta. Kwaɗayin damuwa farat ɗaya yake taso wa mutum, abu guda yake nema, sau da yawa bayan wata waya ko wata magana marar daɗi. Rubuta lokacin ci da halin da ake ciki na mako ɗaya ko biyu yakan fito da tsarin a fili. Kwaɗayi kuma yana hawa ne ya sauka, don haka jinkirin minti goma zuwa sha biyar, a bar wurin, a taka ƙafa, a ja numfashi a hankali ko a kira wani, yakan rage ƙarfinsa. Ga mutane da yawa alwala da zikiri suna yin wannan aiki na kwantar da rai.

Tsarin cin kansa kariya ne. Ana son ci uku a rana a kan lokaci, da ɗan ƙari ɗaya ko biyu da aka tsara tun safe, a zaune, a ƙaramin faranti. Abin gina jiki ake fara ci, kamar ƙwai, kifi, kaza, wake, alale, awara ko nono marar sukari, aƙalla giram 60 na furotin a rana, saboda shi ke daɗewa a ciki. Ruwa kusan lita ɗaya da rabi, amma ba tare da abinci ba, sai bayan rabin awa. Tsallake ci da rana don a rage ƙiba gyaran gangar Auzinawa ne, da dare ake biyan bashin. Barci ma yana da hannu: wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna samarin da suka yi barcin awa huɗu kawai na dare biyu, girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. Mutum 12 ne kacal, kuma ba masu tiyata ba ne, amma bincike da dama bayansa sun nuna ƙarancin barci yana ƙara ci.

Gida da dangi suna da nasu rabon. A al'adar da ƙin cin abincin mai masauki ke zama raini, biki da suna da ziyarar salla wurare ne masu wuya ga mai ƙaramin tumbi. Masu cewa "ɗan taɓa mana, ai ba komai" ba mugunta suke nufi ba, amma barin sa shi ne taimakon. Azumi kuwa, musamman a shekarar farko, magana ce da za a yi da likita kafin watan ya kama.

Akwai inda dabarun gida ba su isa ba. Wanda yake jin ba ya iya tsayawa in ya fara ci, ko yake tilasta wa kansa amai, ko baƙin ciki ya hana shi barci da aiki fiye da mako biyu, yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Jinyar tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a tana da hujja mai ƙarfi wajen rage irin wannan ci, ko da yake tasirinta a kan sikeli na dogon lokaci bai fito sarai ba tukuna. Bincike ya kuma nuna matsalar shan giya tana ƙaruwa bayan baifas, musamman daga shekara ta biyu, don haka duk wani sabon dogaro, giya ne ko tiramadol ko kodin, abin kai wa likita ne da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Masu tura saƙon su daina, waɗanda suka riga suka tura kuma su bi shi da gyara a zaurukan da suka saka shi. Wanda aka yi wa tiyata yake amai kullum, ko ya fara ganin abu biyu-biyu, ko tangaɗi, ko ruɗewa, ko tunanin cutar da kansa, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likitan irin tiyatar da aka yi masa.