Nisan Landan Da Faris Ta Jirgin Sama

Idan muka buɗe taswirar Turai muka ja miƙaƙƙen layi daga Landan, babban birnin Ingila, zuwa Faris, babban birnin Faransa, za mu sami kimanin kilomita 344, watau mil 214. Wannan shi ake kira nisan tafiya ta sama. Kusan daidai yake da tsakanin Kano da Abuja in an miƙe sak ba a bi kwane-kwanen hanya ba.

Amma fa jirgi ba ya bin layin da muka ja da rula. Yakan tashi yana fuskantar iska, ko da hakan zai sa ya ba Faris baya da farko, sa'an nan ya juyo ya kama hanyar da masu lura da zirga-zirgar jirage suka tsara masa. In ya tarar da cunkoso, sai ya yi ta kewayawa a sama yana jiran izinin sauka. Saboda haka akan rubuta wajen awa ɗaya da kwata a tikiti, ko da yake zaman jirgin a sama sau da yawa bai cika awa guda ba.

Akwai wani abu mai rikita baƙo. Agogon Faris yana gaban na Landan da awa ɗaya. Wanda ya tashi daga Landan ƙarfe 9 zai sauka ƙarfe 11 da kwata, wanda kuwa ya tashi daga Faris ƙarfe 9 zai sauka Landan ƙarfe 9 da kwata. Tafiyar ɗaya ce, agogo ne ya bambanta.

Teku ne ya sa wannan ɗan nisa ya zama abin magana, gama akwai mashigin ruwa tsakanin ƙasashen biyu. A 1909 wani Bafaranshe, Louis Blériot, ya fara ƙetare shi da jirgin sama, daga kusa da Calais zuwa Dover, cikin minti 37 ko ƙasa kaɗan. A watan Agusta na 1919 aka soma jigila ta kullum tsakanin Landan da Faris. Tafiyar farko ta ci awa biyu da rabi, fasinja ɗaya tak ke ciki.

To, ga inda lissafin yake juyewa. Filin jirgin Heathrow yana fiye da kilomita 20 yamma da tsakiyar Landan, na Charles de Gaulle ma haka yake nesa da tsakiyar Faris. Ga bincike, ga jiran kaya. Matafiyi kan ɓatar da awa huɗu ko fiye kafin ya kai masauki. A 1994 aka buɗe ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50, jirgin ƙasa na Eurostar ya fara bi ta ciki. Hanyarsa ta fi tsawo, wajen kilomita 490, amma tun 2007 yana tashi daga tashar St Pancras ya shiga Gare du Nord cikin kimanin awa biyu da minti 20, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. A ganinmu, mai zuwa cikin Faris kansa ya fi dacewa ya bi ta ƙasa. Jirgin sama ya fi amfani ga wanda zai canja jirgi a can ya wuce wata ƙasa.