Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Ma'aikatan Jinya Kafin Annoba

Uwargida, ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ambaliya bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Ruwan ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wata guda bai cika ba, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. A irin wannan rana, nas ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce za ta fara karɓar ɗanki. To, an shirya ta kuwa?

Shirin yana farawa ne da tantancewa. Idan mutum hamsin suka zo lokaci guda, dole ta gane wanda ba zai iya jira ba, kamar yaron da amai da gudawa suka sa idanunsa suka faɗa. Sai ta san yadda ake keɓe mai cuta mai yaɗuwa, da sanya safar hannu da takunkumi, da cire su ba tare da ta shafi cutar ba. Sannan ta kai rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da gaggawa. Waɗannan duka sai da atisaye akai-akai, da kaya a ajiye.

Ki tuna cutar Ebola a Legas a 2014. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana sallamar mutumin da ya shigo da ita daga Laberiya. Ita da nas Justina Ejelonu sun kamu, sun rasu. Amma da yake akwai ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan-inna, an bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da majinyata gida-gida. Mutum 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a Najeriya.

Ke ma kina da naki aikin. Ki san ma'aikaciyar lafiyar unguwarku tun ana zaune lafiya, kada kuma ki ɓoye mata mara lafiya. Ki iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan 'yarki na sha'awar aikin jinya, ki shawo kan maigida cikin hikima, domin ranar da kika kwanta za ki so mace ce ta duba ki.

Allah Ya kare mu da zuri'armu, amin.