Makunnin Harsashi da Zaɓen Na'urar Dasa Shi

A Amurka, inda doka ta yarda wa mafarauta da masu gasar harbi su sake cika kwanson harsashin da suka riga suka harba, akwai mataki guda a cikin aikin wanda ya fi sauran ƙanƙanta a ido amma ya fi su bukatar natsuwa, wato dasa makunni a gindin kwanso. Makunni ɗan mitsitsin kofi ne na ƙarfe mai laushi, a cikinsa akwai sinadarin da ke kamawa da wuta idan allurar bindiga ta doke shi, sai tartsatsin ya bi ta wata 'yar kafa ya kunna albarushin da ke cikin kwanson. Aikin da ƙyastu yake yi wa auduga shi makunni yake yi wa albarushi. Ta fuskar doka, lamarin ya sha bamban a Nijeriya, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi ko harhaɗa shi sai da izinin hukuma.

Kafin ƙarni na 19, bindiga ta dogara ne ga ƙanƙara da ƙarfe, kuma ruwan sama kaɗan yakan hana ta tashi. Wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, shi ne ya yi rajistar dabarar kunna albarushi ta hanyar duka a shekarar 1807. Daga baya, a 1866, mutum biyu suka fito da fasali biyu waɗanda har yau su ake amfani da su. Edward Boxer, hafsan sojan Ingila, ya sanya 'yar maƙerar da ake matse sinadarin a kanta a cikin makunnin kansa, ya bar kafa ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, yayin da Hiram Berdan Ba'amurke ya mai da maƙerar wani ɓangare na kwanson, aka huda ƙananan kafofi a gefenta. Fasalin Boxer ne ya samu karɓuwa a Amurka, kuma shi ya sa sake cika kwanso ya yi sauƙi a can, tun da tsinke guda ya isa ya bi ta kafar tsakiya ya ture tsohon makunni waje.

Abin da ake nema daga na'urar dasawa bai wuce ta tura makunni a miƙe har ya zauna a ƙasan gurbinsa ba, ya ɗan nutse kaɗan ƙasa da fuskar gindin kwanso. Idan bai kai ƙasa ba, dukan allura yakan ƙare wajen ƙarasa tura shi, harsashi ya ƙi tashi. A bindigar da ke ɗura kanta kuwa, makunnin da ya yi tozo yana iya tashi tun ƙofar bindiga ba ta gama rufuwa ba, kuma wannan haɗari ne ga fuska da hannun mai harbi. Idan aka danne shi fiye da kima, sinadarin yakan farfashe. Tazarar da ke tsakanin kuskuren nan biyu ba ta wuce kaurin gashi ba, shi ya sa ƙwararru suke fifita na'urar da za ta bari hannu ya ji lokacin da makunni ya taɓa ƙasa.

Na'urar da mai koyo yakan fara haɗuwa da ita ita ce ɗan hannun da ke maƙale a jikin babbar matsar da ake gyara kwanso da ita. Ba ta bukatar ƙarin kuɗi, sai dai an ƙera matsar ne don aikin ƙarfi, saboda haka doguwar mariƙarta takan ninka ƙarfin mutum har ta ɓoye masa abin da ke faruwa a gurbin. Na'urar hannu, irin wadda kamfanonin Lee, RCBS da Hornady suke yi, ta fi ta isar da wannan ji, domin yatsu ne suke matsawa kai tsaye, kuma tana da faifai wanda ake girgizawa makunnai su juya fuska ɗaya ba tare da an taɓa su da hannu mai maiƙo ba. Aibinta gajiya, musamman ga dattijo mai ciwon gaɓoɓi da ke son dasa ɗaruruwa a zama guda. Ga irin wannan mutum, wadda ake ɗaurewa a kan tebur, kamar ta kamfanin Forster, ta fi dacewa.

Sai dai yadda na'ura take ajiye makunnan da ke jiran layi ya fi duk wannan muhimmanci, ko da yake masu saye sukan manta da shi. Makunni ɗaya idan ya tashi ƙara ce kawai da ɗan tartsatsi, amma ɗari da aka jera a cikin bututu, kowane a kan ɗan'uwansa, suna iya tashi gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanin Dillon yake rufe bututunsa da garkuwar ƙarfe, RCBS kuma ya fito da tsarin jera makunnai a zirin roba kowane a ɗakinsa, sannan na'urorin hannu masu kyau suke da shamaki tsakanin faifai da wurin matsawa. Na'urar da ta yi sauri amma ta rasa wannan kariya ba ta cancanci kuɗinta ba, kuma ko da kariyar, tabarau na kare ido wajibi ne.

Akwai kuma batun girma, domin makunnan Boxer da aka saba da su iri biyu ne, ƙarami mai faɗin milimita 4.45 da babba mai milimita 5.33, kuma kowane yana da sandar turawa tasa. Kwanson da ya fito daga rumbun soja yakan zo da bakin gurbi a danne don kada makunni ya fita lokacin harbi, kuma babu na'urar da za ta shigar da sabo a cikinsa lafiya sai an fara gyara bakin nan. Yawancin makunnan zamani kuma suna ɗauke da gishirin dalma, wanda ya maye gurbin tsofaffin sinadarai masu sa bututun bindiga tsatsa, don haka mai aikin yakan wanke hannu kafin cin abinci, ya kuma kawar da tsofaffin makunnan da ya cire daga inda yara za su kai gare su.