Idan ruwa ya tsuge a filin golf, gara gasa ta kai Litinin

Manyan gasannin golf huɗu na duniya suna faɗowa ne tsakanin Afrilu da Yuli, lokacin da hadari kan haɗu ba sallama a gabashin Amurka, yayyafi kuma ba ya rabo da gaɓar tekun Birtaniya. Kowace gasa kwana huɗu ce, Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 18 a rana, 72 ke nan, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. A gasa irin Open ta Birtaniya 'yan wasa 156 ne ke fita rukuni-rukuni tun sassafe har yamma, don haka ruwan da ya jiƙa na safe yana iya ƙyale na yamma. Ra'ayina shi ne, idan sama ta ɓata lissafi, abin da ya wajaba masu shirya gasa su kare shi ne rayuka da cikar ramukan nan 72, ko da kuwa sai an kai Litinin.

Ruwa shi kaɗai ba ya tsayar da golf. Ɗan wasa zai sa rigar ruwa, mai ɗaukar masa jaka ya riƙe laima da tawul yana goge mariƙar sanda, a ci gaba. Dokar wasan ma ta yarda idan ƙwallo ta faɗa kududdufin da ruwan sama ya tara, a ɗauke ta a sake ta a wuri mafi kusa da ba ruwa, ba tare da tara ba. Matsala tana farawa ne idan lallausar ciyawar bakin rami ta cika: ma'aikata su jeru da abin sharar ruwa mai bakin roba suna turawa, ruwan na komowa a bayansu, ƙwallon da aka gangaro ta tsaya cik tana feshi. Daga nan sa'a ce ke wasa. Tsawa kuwa ba a yi mata shawara. A 1991 aradu ta kashe ɗan kallo a gasar US Open a Hazeltine, bayan wata biyu ta kashe wani a gasar PGA a Crooked Stick, a 2019 kuma ta faɗa kan bishiya a filin East Lake na Atlanta ta jikkata mutum shida. Shi ya sa da an ji doguwar jiniya dole kowa ya ajiye sanda nan take, wanda ya ƙara bugu ana iya korarsa daga gasar.

Abin da ya faru a gasar Open a St Andrews ta Sikotland a Yulin 2015 ya nuna hanyar da ta dace. Ranar Juma'a ruwa ya malale filin, aka dakata sa'o'i. Asabar iska ta taso har ƙwallo na gangarawa da kanta, aka yi wasan rabin sa'a aka tsaya. Hukumar R&A mai shirya Open ba ta yanke gasar ba, ta ɗage zagayen ƙarshe zuwa Litinin, kuma a ranar ne Zach Johnson ya doke Louis Oosthuizen da Marc Leishman a bugun raba gardama. Haka aka yi a 1988 a Royal Lytham, inda Seve Ballesteros ya ci kofi ran Litinin, haka kuma Lucas Glover ya ci US Open ta 2009 a Bethpage. Ba wanda ke kallon waɗannan kofuna da rabin ido.

Masu ja da wannan suna da hujja, ban raina ta ba. Ƙarin kwana ɗaya kuɗi ne: gidajen talabijin sun sayi Lahadi, 'yan sa-kai da masu tikiti za su koma bakin aiki, 'yan wasa suna da wata gasar a gaba. Ƙananan gasanni kan tsaya a ramuka 54 saboda haka, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Amma a babbar gasa zagayen ƙarshe shi ne gwajin zuciya, inda wanda ya kwana yana gaba zai san ko hannunsa zai yi rawa. Wanda aka ba kofi ba tare da wannan ranar ba, an ba shi abin da bai gama biya ba, kuma an zalunci na bayansa.

Akwai wata mafitar ta tsaka-tsaki, wato a yarda ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo, ya goge taɓo, ya ajiye ta kusa. An yi haka a zagayen ƙarshe na gasar PGA ta 2016 a Baltusrol, wadda Jimmy Walker ya ci bayan buga ramuka 36 a rana ɗaya. Masu riƙon gargajiya sun ce a buga ƙwallo yadda aka same ta. Sai dai ƙwallon da taɓo ya maƙale wa ba ta bin umarnin kowa, kuma sau da yawa wanda ya buga daidai tsakiyar fili ne ke kwasar taɓon, kamar yadda Scottie Scheffler ya koka a Quail Hollow a 2025. A nan ina tare da masu gogewa, muddin an sanar kafin mutum na farko ya buga, kuma dokar ta hau kowa har zagayen ya ƙare.