ABIT BP6

ABIT BP6 babban allon kwamfuta ne, wanda masu gyara ke kira madabod, da kamfanin ABIT na ƙasar Taiwan ya fitar a shekarar 1999. Ya yi suna ne saboda yana da gurbin furosesa guda biyu nau'in Socket 370, abin da ya ba ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi damar haɗa kwamfutar tebur mai ƙwaƙwalwa biyu da kuɗi kaɗan.

Asali

A wancan lokaci kwamfuta mai furosesa biyu sai manyan ma'aikatu, domin Pentium III da Xeon tsada gare su. Kamfanin Intel ya ƙera Celeron ne don masu neman araha, kuma bai amince a haɗa biyu a allo ɗaya ba. Sai dai samfurin Mendocino na Celeron ya fito da wannan damar a jikinsa. Kafin BP6, sai an yi wa furosesar ko adaftarta 'yar tiyata da waya da dalma. A BP6 kuwa, dasa su kawai ake yi.

Ƙara gudu

Ana samun gudun furosesa ne idan aka ninka gudun layin da ke haɗa ta da allo da wata lamba. Intel ya kulle lambar, amma bai kulle layin ba. Celeron 366 tana aiki da 66 MHz sau 5.5, idan aka ɗaga layin zuwa 100 MHz, sai ta koma 550 MHz. Haka 300A ke kaiwa 450 MHz. Ana yin wannan saiti a cikin BIOS ta hanyar SoftMenu, ba tare da an taɓa allon ba. Ba kowace furosesa ke jurewa ba; wata sai an ƙara mata wuta kaɗan a kan bolt 2.0 da ta saba.

Matsaloli

Windows 98 furosesa ɗaya kawai yake gani, don haka dole a koma Windows NT 4.0, Windows 2000, Linux ko BeOS. Ko a nan ma gudun ba ya ninkuwa sai manhajar ta iya raba aiki biyu. Babbar damuwa ita ce zafi: ƙarin gudu na jawo daskarewar kwamfuta da asarar aikin da ba a adana ba. A garuruwa irin su Funtua da Malumfashi, inda bazara ke da zafi, hunturu kuma ke cika fanka da ƙura, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarar 2000 Intel ya fitar da Celeron samfurin Coppermine, wadda ba ta aiki bibbiyu. Kamfanin ABIT ya daina ƙera madabod a ƙarshen 2008.