Me Ya Haɗa Ɗan Tsako da Galahanga?

Ɗan tsako na fitowa daga ƙwai, tun bai taɓa ganin uwarsa ba, zai nufi abin da ya yi kama da kaza. Jarirai ma haka suke bin fuskar mutum da ido.

Shi ya sa masana a Jami'ar Trento ta Italiya suka yi wa ƙwai allurar valproate, maganin farfaɗiya da ke ƙara haɗarin galahanga ga jariri idan mai ciki ta sha. Sakamakon 2018 ya nuna 'yan tsakin ba su fifita siffar kaza ba.

To, me amfanin? A gano alamun larurar tun yaro na goye, a fara taimaka masa da wuri. Amma fa mai shan maganin kada ta daina sai da shawarar likita.